Zuwa Aiki a Kan Keke: Hanya, Lokaci da Kaya Su Ne Alƙalai

Mazaunin Kiyeshe da ke aiki a Dogondutsi, da malamin lakwal da aka tura wani ƙauye cikin Dallol Mawri, da ma'aikaciyar likita da ke kwana a wani gari tana aiki a wani, duk tambaya ɗaya ke jiransu kowace safiya: da me za a je? In a ƙafa ne, kafin a isa rana ta take. In kabu-kabu ne kullum, albashi ba ya ganin tsakiyar wata. In babur ne na kai, sai an tara kuɗin saye, sannan ga mai, ga gyara. Keke kuwa yana nan jingine a zauren gidaje da dama, iska ta sace, an bar wa yara.

Ina cikin masu ganin mun yi gaggawar yar da keke a yankinmu na Arewa. Amma ba zan ce kowa ya hau ba, domin akwai wanda keke zai taimaka, akwai wanda zai wahalar. Abubuwa uku ne ke raba gardama: irin hanyar da kake bi, lokacin shekara, da nauyin abin da kake ɗauka. Maganar mutane ba ta cikin lissafin, ko da yake ita ce ta fi hana mu.

Abin da keke ke bar maka a aljihu

Mu fara da kuɗi, tunda nan takalmin ke matsa kowa. Shekara da shekaru, mu da ke kusa da iyakar Najeriya mun saba da man kwalba mai araha na ƴan ruwa-ruwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, arahar ta tafi. A Yulin 2024 gwamnatinmu ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, aka ɗan sarara. Sai ga ƙarancin mai na watan Maris na 2025, lokacin da matatar SORAZ ta Damagaram ta kasa wadatar da ƙasa, aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Wanda ya dogara da babur shi kaɗai, zuwansa aiki yana hannun abin da ake yankewa a Abuja da Yamai.

Ɗauki alƙalami ka yi lissafin kanka. A ce tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 12 ne. Zuwa da dawowa 24 ke nan, a kwana 22 na aiki kuma kilomita 528. In baburinka yana cin lita ɗaya a kilomita 35, za ka sha lita 15, wato kusan jikka 7 da rabi a farashin gidan mai, ka kuwa san na kwalba a ƙauye ya fi haka. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya da sarƙa da takardu ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne, saboda haka mai ƙaramin albashi yana ƙona fiye da kashi ɗaya cikin shida na abin da ya samu a kan hanya kawai. Malamin kwantaragi da kuɗinsa kan makara ya fi kowa sanin abin da jikka 7 ke yi a gida: gero ne, sabulu ne, maganin zazzaɓin yaro ne.

Keke ma yana da nasa kuɗi: faci, robar ciki, taya, robar birki, ɗan mai na sarƙa. Akwai kuma wanda ake mantawa, wato abinci. Mai tuƙa keke awa biyu a rana ba zai tsaya a kan kokon safe kaɗai ba, sai ya ƙara da ƙosai ko fura. Ka sa wannan ma a lissafi. Duk da haka, in aka tara su gaba ɗaya ba su kama ƙafar kuɗin mai ba. Je kasuwar Dogondutsi ka tambayi kuɗin keke mai ƙwari, ka raba da abin da za ka rage kowane wata, za ka ga wata nawa zai ɗauka kafin ya biya kansa.

Amfani na biyu shi ne ka mallaki lokacinka. Ba jiran mai kabu-kabu, ba jiran mota ta cika, ba roƙon a rage maka hanya. Mai tafiya a ƙafa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, mai keke a hanya mai tauri yana cin 12 zuwa 15 ba tare da ya galabaita ba. Tafiyar da ke cin awa biyu da rabi sai ta koma ƙasa da awa ɗaya. Mutanen Diffa tun 2015, da na wasu sassan Tillaberi tun farkon 2020, sun ga lokacin da hukuma ta hana hawan babur saboda tsaro. Allah ya kiyaye mu, amma gidan da ke da keke lafiyayye irin wannan doka ba ta ɗaure shi gaba ɗaya.

Na uku lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Wani bincike da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2017, kan mutane fiye da 260,000 a Birtaniya, ya gano cewa masu zuwa aiki a keke haɗarin mutuwarsu a tsawon shekarun binciken ya yi ƙasa da na masu zuwa a mota da kashi 41 cikin ɗari. Sai dai a yi wa wannan adadi adalci: mutanen ƙasar sanyi ne, mafi yawansu masu wuni a kujera. Manomin da ke wuni da hauya, ko magini, ba ya neman ƙarin motsa jiki. Shi keke sauƙi yake kawo masa a kan tafiyar ƙafa. Wanda maganar ta shafa shi ne ma'aikacin ofis, da mai shago, da tela, waɗanda daga babur sai kujera, daga kujera sai shayi mai sukari. A cikinsu ne hawan jini da ciwon sukari ke yin gida.

Abin da ke sa mutum ya haƙura

Babban abokin gaban keke a ƙasarmu yashi ne. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Kore Mairuwa, ta shiga Dogondutsi ta wuce Birnin Konni, tana da daɗin tuƙi, haka ma hanyar burji in ba ta lalace ba. Amma da zarar ka sauka ka shiga hanyar amalanke cikin dallol, taya sai ta nutse, ka koma tura keke maimakon ya ɗauke ka. In yashi ya kai kashi ɗaya cikin uku na hanyarka, keke ba naka ba ne, sai dai in akwai wata hanyar ta gefen gonaki mai tauri, ko da ta fi nisa.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni kan wuce 40 da rana. Tuƙa keke tsakanin azahar da la'asar a irin wannan lokaci ganganci ne, yana iya kayar da ƙato. Sai ƙaya: tsidau da ke shimfiɗe a gefen hanya, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ake shinge da su, duk ba su bar taya lafiya. Sai ita kanta kwaltar: manyan motocin fasinja da na kaya suna wucewa da gudu, iskarsu kaɗai tana iya jefa mai keke a rami, kuma babu wani gefe da aka ware masa.

Akwai kuma abin da keke ba ya iya yi. Ba ya kai mai naƙuda likita da dare. Ba ya ɗaukar buhu uku na dankalin turawa daga fadama zuwa kasuwa a tafiya ɗaya. Ba ya kai ka wurare huɗu masu nisa a wuni guda, in aikinka na zagaya ƙauyuka ne. Mai keke kuma ba shi da saurin tsere wa haɗari, alhali yanayin tsaro a wasu wurare kusa da iyaka ya canza a ƴan shekarun nan. Hanyar da mutanen wurin suka ce a yi hattara da ita, a yi hattara, kowace irin abin hawa ce.

Gwada kafin ka yanke shawara

Kada ka sayi keke ranar kasuwa ka ce gobe za ka fara. Ari na wani, ka zaɓi ranar da ba aiki, ka fita daidai lokacin da ka saba fita, ka je har ƙofar wurin aikinka ka dawo. Duba agogo. Lura da inda ka sauka ka tura, da inda akwai rijiya ko famfo, da inda mai faci yake zama. Ka kuma saurari jikinka washegari.

Ga ma'aunin da nake bayarwa. Ƙasa da kilomita 5, ko da ɗan yashi, keke ya fi komai. Daga 5 zuwa 12 a hanya mai tauri, mai lafiya zai iya kullum. Daga 12 zuwa 20, a yi kwana biyu ko uku a mako, sauran a hau kabu-kabu ko mota. Abin da ya wuce haka, gara ka nemi ɗaki kusa da wurin aiki ka riƙa komawa gida ƙarshen mako, keken ya yi maka wannan tafiyar.

Ka lura ban ce ko keke ko babur ba. Mutum yana iya riƙe duka biyun, ko ya riƙe keke ya ware wani abu daga kuɗin da ya rage don ranar da jiki ya ƙi, ko hadari ya haɗo, ko akwai taro da manya. Wanda ya hau keke kwana uku cikin biyar ya riga ya rage fiye da rabin kuɗin mansa.

Bi kalandar shekara

Daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin keke ne. Ƙasa ta bushe, zafi ya sauka, kuma daidai lokacin ake komawa lakwal. Abin lura shi ne iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mai barin Kiyeshe ya nufi Dogondutsi kuwa arewa ya dosa, saboda haka da safe iska na gabansa. Ta fi sauƙi da sassafe, tana ƙaruwa in hantsi ya yi, don haka a fita da wuri. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, mai fita bayan sallar asuba yana bukatar fitila. A rufe hanci da baki da rawani saboda ƙura, a shafa man kaɗanya a leɓe da hannu.

Daga Maris zuwa Mayu a canza tsari: a isa kafin ƙarfe 8, kada a komo sai bayan la'asar sakaliya. A sha ruwa kafin a fita, a riƙe aƙalla lita ɗaya da rabi a gora da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko fitsari ya yi ja ya ragu, duk alamu ne cewa zafi ya fara cin jiki. A sauka nan take, a shiga inuwa, a jiƙa kai da wuya, a sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mutum ya fara rikicewa ko sambatu, a garzaya da shi likita. Mai azumi a kwanakin zafi ya rage nisa ko ya ajiye keken har bayan salla.

Da damina, yashi ya kan kwanta bayan ruwa, tuƙi ya yi sauƙi, amma laka da ƙoramu su ne matsala. Kada ka ratsa ƙorama tana gudu da keke a hannu, ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Jira ya janye. In ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka fake a gida mafi kusa, ba a gindin itace ba.

Irin keken da za ka saya

Nemi mai faffaɗar taya, shi ke iya yashi da burji. Keken tsere mai siririyar taya ba na nan ba ne, komai kyansa. Tsofaffin samfura irin su Raleigh da Phoenix, masu gudu ɗaya, suna da nauyi amma suna jure kaya, kuma kowane mai gyara ya san cikinsu. Mai giya yana taimako wurin hawan tudu da gaban iska, sai dai kafin ka biya ka tambayi mai gyaran garinku ko ana samun kayansa. In na hannu ne, duba mahaɗan ƙarfen ko akwai tsaga ko walda, juya ƙafafun ka ga ko suna rawa, matsa birki biyun.

Daidaita sirdi shi ne rabin daɗin tuƙi. Zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sosai. In sirdi ya yi ƙasa gwiwa ke ciwo, in bakinsa ya ɗaga sama gaba ke mutuwa. Yawancin koke-koken da maza ke yi a kan keke daga nan suke, kuma gyaran minti biyar ne da sifana. Mai basir da ya tashi, da mai gwaiwa, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, su fara ganin likita.

Kada ka fita ba famfo, da faci, da gam, da ƙaramar sifana. Yanka tsohuwar robar ciki ka shimfiɗa tsakanin taya da sabuwar, tana tare ƙananan ƙayoyi. Bayan kowane faci, shafa cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tana nan maƙale. A kwalta ka cika iska, a yashi ka ɗan rage. Sarƙa kuma ɗigon mai kaɗan take so, sannan a goge da tsumma. In ka malala mata baƙin mai, ƙasa za ta manne ta cinye haƙoran.

A kan kwalta

Riƙe hannun dama, tare da motoci, kada ka tare su gaba da gaba. In ka ji babbar mota a baya kuma wata na zuwa ta gaba, sauka gefe ka tsaya. Minti ɗaya ba ya sa a makara. Sa fitila fara a gaba, ja a baya, ko da ta caji ce ƴar ƙarama, ka sa tufa mai haske. Cire abin sauraren waya daga kunne. Hular kwano tana ceton kai, ko a keke. Tattara babbar riga da bakin wando kada sarƙa ta kama. In da hali ku riƙa fita ku biyu ko uku, kuma ka kasance a gida kafin magariba.

Don ka isa da mutunci, sa tsohuwar riga a hanya, ka naɗe ta aiki a jaka a bayan keke. Isa da minti 15 a hannu, ka huta a inuwa zufa ta tsaya, ka wanke fuska da hannuwa da buta, ka canza. Alli da littattafai da takardu a sa su cikin leda saboda ƙura da ruwa.

Ƴan'uwa mata

A Wagadugu mata na zuwa kasuwa da ofis a keke, da goyo a baya, ba mai waiwayowa. A jihar Bihar ta Indiya, daga 2006 gwamnati ta riƙa ba ƴan mata kuɗin sayen keke, masu bincike suka gano shigarsu sakandare ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mu a nan, yarinya nawa ta bar koleji don nisan hanya? Babu wata hujja ta likita da ta nuna zuwa lakwal ko aiki a keke na yi wa ƴa mace illa. Abin da ake bukata shi ne keken mata marar sanda a tsakiya, mai murfin sarƙa, da wando a ƙarƙashin zane, da tattara hijabi kada ya shiga wayoyin ƙafa, don wannan haɗari ne na gaske. Iyaye da mazaje, ku dubi abin da idon basira: wadda ta isa cikin minti 30 da sauran rana ta fi aminci a kan wadda ke tafe a ƙafa har duhu.

Maganar mutane

Na san abin da ke zuciyar da yawa: a ce malamin lakwal guda, ko ma'aikacin magajin gari, a kan keke kamar ɗan lakwal? Za a ce ya talauce. Wannan ciwo ne na gaske, ban raina shi ba. Amma iyayenmu sun ga zamanin da sabon keke ke sa gari ya fito kallo, malamai da ma'aikata kuma da shi suke taƙama. Girman ma'aikaci yana ga isa a kan lokaci, da rashin bashi a wurin mai kanti, da iyalin da ba su kwana da yunwa ba. Masu magana za su yi mako biyu su gaji, ranar da mai ya yi wuya kuma su za su zo aro.

Shugabannin lakwal da na likita da na ma'aikatar magajin gari suna da rawar takawa, kuma ba ta cin kuɗi: rumfa mai inuwa da ƙarfen ɗaure keke, da randar ruwa, da famfo ɗaya a ofis don kowa. Ma'aikatan wuri ɗaya kuma su yi adashi, kowane wata mutum ɗaya ya samu keke mai ƙwari.

Kai kuma da ke da niyya, jira ƙarshen damina. Fara da kwana biyu a mako, bayan mako biyu ka ƙara ɗaya. Duk ranar da ka hau keke, cire kuɗin man da za ka ƙona ka jefa a asusu. Ƙarshen wata ka ƙirga, ka dubi jikinka, ka dubi sau nawa ka makara. In lissafin ya yi, ci gaba har Fabrairu, sannan ka sake tsari don bazara. In bai yi ba, ka ba ɗanka ko ƴarka mai zuwa koleji keken, ba a yi asara ba.